Fatsa a Bakin Teku: Yadda Ƙungiyoyin Ingila Ke Horon Yara

Ƙasar Ingila tana bisa wani babban tsibiri ne da a ke kira Birtaniya, ita da Sikotland da Wales. Teku ya kewaye tsibirin nan ta ko wace fuska, har ma garin da ya fi ko wanne nisa da gaɓa bai wuce kimanin mil 70 ba. Saboda haka mutanen ƙasar sun shaƙu da ruwan gishiri tun kaka da kakanni. Waɗansunsu masunta ne na sosai, da kifi su ke ci su ke sha, su kan fita da jirage da taru su yi kwanaki ba su dawo ba. Waɗansu kuwa ma'aikata ne, ko 'yan kasuwa, ko 'yan makaranta, waɗanda su kan ɗauki sandar fatsa ranar hutu su nufi bakin teku domin shaƙatawa, in an dace kuma su koma gida da abin sa wa a tukunya. Wani bincike da Gwamnati ta sa aka yi cikin 2012 ya ƙiyasta masu irin wannan fatsa a Ingila kaɗai sun kai mutum 884,000.

Wannan takarda tana bayani ne a kan yaran da ke cikinsu, da yadda ƙungiyoyin masu fatsa ke horonsu. Dalilin da ya sa a ke bukatar horon shi ne teku ba kogi ba ne. Kogi ya kan cika da damina ya janye da rani, kowa na ganin zuwansa da tafiyarsa. Teku kuwa sau biyu ya ke cikowa ya janye ko wace rana, kuma wurin da mutum ya tsaya a busasshen yashi da hantsi, kafin azahar ruwa na iya shanye kansa a nan. Don haka ƙungiya ta ƙwarai ta kan fara koya wa yaro sanin ruwa tukuna, sa'an nan sanin kifi ya biyo baya.

Asalin Ƙungiyoyin

Cikin ƙarni na 19 hanyoyin jirgin ƙasa suka isa garuruwan bakin teku, aka kuma giggina dogayen gadoji waɗanda ke miƙewa daga gaɓa zuwa cikin ruwa domin jirage da masu shan iska. Wannan ya sa mutanen birni suka sami hanyar zuwa fatsa cikin sauƙi. A 1893 aka kafa ƙungiyar masu fatsa a teku ta Birtaniya a birnin Landan. A 1904 kuma aka kafa wata babbar tarayya wadda ta haɗa kan ƙananan ƙungiyoyi na garuruwa. Tarayyar nan ta yi aiki fiye da shekara 100, har zuwa 2009, sa'ad da ta haɗu da waɗansu takwarorinta suka zama uwar ƙungiya guda mai suna Angling Trust. Ita ce ke tsara manyan gasa a Ingila, tana ba da horo ga masu koyarwa, tana kuma magana da Gwamnati a madadin masu fatsa.

Ƙungiyar gari, wadda a ke ce wa kulob, tana da shugaba, da magatakarda, da ma'aji. Da yawa cikinsu suna da reshen yara, maza da mata, galibi waɗanda ba su wuce shekara 16 ko 18 ba. Masu koyarwa yawancinsu 'yan sa kai ne, ba albashi a ke biyansu ba.

Shigar Yaro Ƙungiya

Ba a karɓar yaro sai da yardar iyayensa a rubuce. Su kan cika takarda su faɗi shekarunsa, da ko yana da wata cuta kamar asma ko farfaɗiya, da lambar wayar da za a neme su in wani abu ya faru. Ƙananan yara sai tare da uba, ko uwa, ko wani babba na gida su ke zuwa. Kuɗin shiga na yara kaɗan ne, kuma kulob da dama su kan ajiye sanduna na aro domin kada rashin kaya ya hana ɗan talaka koyo.

Su ma manyan ba a sakar musu yara haka kawai. Akwai wani ofishin Gwamnati da aka kafa a 2012, wanda aikinsa shi ne duba tarihin mai neman aiki da yara, a ga ko an taɓa kama shi da laifin da ya hana a amince masa. Kulob kuma ya kan naɗa mutum guda mai kula da lafiyar yara da mutuncinsu, wanda yaro ko iyayensa za su kai wa kuka.

Game da lasin, dokar Ingila ta bambanta ruwan daɗi da ruwan gishiri. Mai fatsa a kogi ko tafki tilas ya mallaki lasin in ya kai shekara 13, ko da ya ke kyauta a ke ba 'yan shekara 13 zuwa 16. Mai kamun kifayen teku da sanda kuwa ba ya bukatar lasin. Amma rashin lasin ba rashin doka ba ne, kamar yadda bayani zai zo a gaba.

Darasi na Fari: Cikowar Teku da Janyewarsa

Wata ne ke jan ruwan teku, rana kuma na taimaka masa. Tsakanin cikowa ɗaya da mai bi mata akwai wajen sa'a 12 da minti 25. Watau in teku ya cika da ƙarfe 8 na safe, zai sake cika wajen ƙarfe 8 da minti 25 na dare, gobe da safe kuma sai wajen ƙarfe 9 saura minti 10. Ko wace rana lokacin ya kan ja baya da kimanin minti 50. Ana buga jadawalin waɗannan lokatai na shekara guda cur domin ko wace tashar jiragen ruwa, a 'yan littattafai da kuma a intanet. Karanta jadawalin nan shi ne abin da a kan fara koya wa yaro, tun bai taɓa ƙugiya ba.

Cikowar kuma ba daidai ta ke kullum ba. Lokacin tsayuwar sabon wata, da lokacin da ya cika wajen daren 14 da 15, rana da wata da duniya su kan zama a jere, sai jansu ya haɗu. A kwanakin nan teku ya kan ciko fiye da kullum, ya kuma janye fiye da kullum, ruwan na gudu da ƙarfi. Wajen 7 ga wata da 22 ga wata kuwa, rana na ja ta wata fuska, wata na ja ta wata, sai cikowar ta yi sauƙi. Yaron da ya san lissafin wata ya riga ya sami rabin darasin.

Tsayin cikowa ya danganta da wuri. A bakin kogin Severn, a yammacin Ingila, bambancin da ke tsakanin cikar ruwa da janyewarsa ya kan kai mita 14, watau ya fi tsayin bene mai hawa uku. Wurare kaɗan ne a duniya suka kai haka.

Akwai wani lissafi mai sauƙi da masu koyarwa ke sa yara su haddace. Teku ya kan ɗauki wajen sa'a 6 yana cikowa. In aka kasa ruwan da zai zo kashi 12, to, a sa'a ta fari kashi 1 ke zuwa, a ta biyu kashi 2, a ta uku kashi 3, a ta huɗu kashi 3, a ta biyar kashi 2, a ta shida kashi 1. Misali, inda ruwa zai tashi mita 6, a sa'a ta fari rabin mita kaɗai zai hau, amma a ta uku da ta huɗu zai hau mita 3. Nan haɗarin ya ke. Wanda ya ga ruwa na tahowa sannu sannu da farko sai ya saki jiki, ya ɗauka haka zai ci gaba, ashe gudun na nan tafe.

Har wa yau a kan nuna wa yara cewa ruwa ba ta gaba kaɗai ya ke zuwa ba. Inda yashi ke da faɗi, ya kan fara cika kwazazzabai da ramummukan da ke bayan mutum, ya yanke masa hanya, alhali ƙafarsa ba ta jiƙe ba tukuna. Haka ta faru a mashigin teku na Morecambe, a arewa maso yammacin Ingila, daren 5 ga Fabrairu, 2004. Waɗansu leburori 'yan ƙasar Sin, waɗanda aka kai su tsintar wata irin ƙumba da a ke ci, ruwa ya rutsa da su cikin duhu nesa da gaɓa, mutum 23 suka halaka. Manya ne majiya ƙarfi, rashin sanin halin wurin ne ya ci su.

Iska, Sanyi, da Masu Ceto

Bayan jadawalin ruwa sai labarin iska. Ofishin duba yanayi na Birtaniya, wanda aka kafa a 1854, ya kan fitar da sanarwa ko wace rana, gidan rediyon BBC ya karanta wa masu shiga teku. An kasa ruwayen da ke kewaye da tsibirin yanki 31, ana faɗin halin ko wane yanki. Ƙarfin iska kuwa da lamba a ke faɗinsa, daga 0 zuwa 12, bisa wani ma'auni da wani hafsan jiragen ruwa mai suna Francis Beaufort ya tsara a 1805. Lamba 8 hadari ne sosai. Tun kafin a kai nan shugabannin kulob su kan ɗage fitar yara, ko su sauya wuri zuwa inda ke da kariya. Ko da iska ta kwanta, raƙuman ruwa da hadarin jiya ya tayar su kan ci gaba da dukan duwatsu, kuma guda ɗaya cikinsu ya isa ya share mutum daga inda ya ke tsaye.

Ruwan tekun Ingila yana da sanyi ko da bazararsu. In aka haɗa zafinsa na shekara aka raba, bai fi wajen digiri 12 ba. Wanda ya faɗa cikin ruwa mai sanyi haka, numfashinsa ya kan sarƙe nan take, ya yi ta haki ba da sonsa ba, in kuwa ya yi ƙoƙarin iyo a wannan hali sai ya shaƙi ruwa. Abin da a ke koya wa yara shi ne kada su yi kokawa da ruwan. Su kwanta rigingine, su buɗe hannuwa da ƙafafu, kunnuwa cikin ruwa, fuska na duban sama, har minti ɗaya ko ɗaya da rabi, numfashi ya daidaita. Sa'an nan su yi kira, ko su yi iyo in gaɓa na kusa. Wanda ke kan tudu kuma an hana shi bin wanda ya faɗa. Aikinsa shi ne ya jefa masa abin da zai riƙe, ya buga lamba 999 ya nemi masu gadin gaɓar teku.

Su masu gadin nan su ne ke kiran jiragen ceto. Ƙungiyar jiragen ceto, wadda a ke taƙaita sunanta da RNLI, Sir William Hillary ne ya kafa ta a 1824. Tana da tashoshi fiye da 230 a Birtaniya da Ireland, yawancin ma'aikatan jiragenta 'yan sa kai ne, kuma da gudummawar jama'a ta ke tafiya. Sa'ad da ta cika shekara 200 a 2024, an lissafa ta ceci rayuka fiye da 140,000. A kan tuna wa yara cewa duk wanda ya yi ganganci ya shiga haɗari, ya jawo waɗansu bayin Allah sun bar gidajensu sun sa nasu ran cikin haɗari dominsa. Rigakafi dai ya fi magani.

Kayan Aiki

Kayan fatsar teku sun fi na kogi nauyi. Sandar manya ta bakin yashi ta kan kai ƙafa 12 ko 13, amma yaro a kan ba shi gajera mara nauyi, daidai ƙarfinsa. A gindin sandar akwai wani ɗan keke mai hannu, wanda ke naɗe zare kamar yadda ƙwarƙwaron masaƙa ke yi, ya kuma sake shi in an yi jifa. Zaren na roba ne, siriri, mai ƙarfi. A bakinsa a kan ɗaura ƙugiya ɗaya, ko biyu, ko uku, da ɗan curin dalma mai nauyin oza 4 zuwa 6 wanda ke kai ƙugiyoyin nesa ya kuma riƙe su a ƙasa. Inda ruwa ke gudu a kan yi amfani da dalma mai 'yan wayoyi waɗanda ke kafewa cikin yashi.

Dalmar nan in ta tsinke a tsakiyar jifa ta kan tashi kamar harsashi, tana iya fasa kan mutum. Saboda haka a kan ƙulla wani zare mai kauri a gaban siririn, domin ya ɗauki ƙarfin jifar. Ƙa'idar ita ce, ko wane oza ɗaya na dalma yana bukatar zare mai iya ɗaukar laba 10. Mai jifa da oza 5 ke nan ba zai yi amfani da abin da ya gaza laba 50 ba. Kafin a bar yaro ya yi jifa a bakin ruwa, sau da yawa a kan kai shi fili ya gwada ba tare da ƙugiya ba, har hannunsa ya faɗa. A kan koya masa ya waiwaya baya kafin ko wace jifa, ya jiƙa ƙulli kafin ya ja shi ya ɗaure don kada zafin gogayya ya raunana zaren, ya kuma nisanci wayoyin lantarki, ya ajiye sanda in ana walƙiya, domin sandunan zamani wuta na bi ta jikinsu.

Abincin Ƙugiya

Kamar yadda mai fatsa a kogi ke neman tana, haka na teku ke da tasa. Akwai wata mai kauri wadda ke zama a rami cikin yashi. In teku ya janye a kan gane wurinta da ɗan tulin yashi a murɗe da ta ke turowa waje. Akwai wata kuma mai ƙafafu da yawa kamar shanshani, tana zama cikin laka, tana da ɗan cizo. Ƙaguwar da ke shirin saɓa, wadda ɓawonta ya fara saki, kifi na sonta ƙwarai. A kan kuma yanka tsokar wani kifin a sa. Wanda ya haƙa rami neman tana wajibi ne ya mayar da ƙasar, wanda ya ɗaga dutse neman ƙaguwa ya mayar da shi yadda ya same shi, domin ƙananan halittun da ke ƙarƙashinsa su kan mutu in an bar su a rana.

Kifaye da Wurarensu

Ko wane kifi da lokacinsa. Da bazarar Turai, daga wajen Yuni zuwa Satumba, makarel ya kan matso gaɓa garke garke. Shi ne irin kifin nan mai zane a baya da a ke kawowa a daskare kasuwannin Nijeriya, a ke ce masa taitus. Ba ya bukatar tana, gashin tsuntsu ko wani abu mai ƙyalli da aka ɗaura a ƙugiya ya ishe shi, shi ya sa yara da yawa da shi su ke buɗe hannu. Da kaka da hunturu kuwa sai waitin da kod su zo, musamman da dare. A bakin koguna, inda ruwan daɗi ke gamuwa da na gishiri, akwai kifaye masu faɗi kamar faifai da ke kwance a ƙasa. Abin mamaki game da su shi ne, da ido ɗaya a ko wane gefe a ke ƙyanƙyashe su, amma suna girma sai ido ɗaya ya zagayo ya sami ɗan'uwansa a gefen da ke duban sama. Akwai kuma wani kifi fari mai ƙyalli da Turawa ke kira bas, wanda masu fatsa ke ji da shi saboda ƙarfinsa da daɗin namansa.

Guda ɗaya a kan gargaɗi yara a kansa tun ranar fari. Wani ɗan ƙaramin kifi ne da a ke kira wiba, tsawonsa bai cika wuce tafin hannu ba, yana binne kansa cikin yashi, yana da ƙayoyi masu dafi a gadon baya. Harbinsa na da zafi ƙwarai. Maganinsa shi ne a tsoma wurin cikin ruwa mai zafi gwargwadon yadda za a iya jurewa ba tare da ƙuna ba, har minti 30 ko fiye. Saboda shi ne aka hana yaro kama kifin da bai sani ba da hannu, sai babba ya duba.

Wuraren da a ke fara kai yara su ne gadojin nan masu shiga teku da katangun tashar jirage, domin suna da makari, ruwa mai zurfi kuma na nan ƙarƙashin ƙafa, ba sai an yi jifa mai nisa ba. Gadar Southend, a bakin kogin Thames, tsawonta ya fi mil ɗaya da kwata. In yaro ya ƙware sai a kai shi bakin yashi ko na tsakuwa, kamar Chesil a lardin Dorset, wanda tudun tsakuwa ne mai tsawon mil 18. Kan duwatsu kuwa, inda santsi da raƙuman ruwa ke haɗuwa, sai manyan yara, su ma da rigar hana nutsewa, da babba a kusa.

Awo da Doka

Mutane sun daɗe suna zaton kifin teku ba ya ƙarewa. Abin da ya faru a Newfoundland, a gabashin Kanada, ya ƙaryata wannan zato. Wajen shekara 500 ana kamun kod a can, har manyan jirage na zamani suka zo suka kwashe shi fiye da yadda ya ke haihuwa. A 1992 Gwamnatin Kanada ta rufe kamunsa, mutum wajen 30,000 suka rasa abin yi.

A Turai ma an ga bas na raguwa, sai a 2015 aka ɗaga mafi ƙanƙantar awon da a ke yarda a ɗauka daga santimita 36 zuwa 42. Dalili kuwa shi ne kifin ba ya girma da sauri, macen ta kan yi shekara 5 zuwa 8 kafin ta fara zuba ƙwai. In an kama ta kafin nan, an ci ta ke nan har da zuriyarta. An kuma ƙayyade yawan da mai fatsa zai tafi da shi gida a rana ɗaya, da watannin da ba a ɗauka sam, ana sake duba wannan ƙa'ida shekara shekara. Sauran kifaye ma da nasu awon: kod santimita 35, waitin 27, makarel 20, amma 30 a Tekun Arewa. Daga bakin kifi a ke aunawa zuwa ƙarshen wutsiya. Wani kifi kuma mai kama da maciji, wanda ke tafiya tsakanin kogi da teku, ya ragu ƙwarai har doka ta ce duk wanda ya kama shi da fatsa ya mayar da shi da rai. Tun 2011 akwai hukumomi 10 da ke lura da ruwayen gaɓar Ingila har zuwa mil 6 na teku, ko wacce na da ikon kafa dokokin yankinta.

Saboda haka ko wane yaro a kulob yana da ma'auni cikin jakarsa. A kan koya masa ya jiƙa hannu kafin ya taɓa kifi, domin busasshen hannu na goge yauƙin da ke kare fatarsa. Ya cire ƙugiya da filaya a hankali, ya auna, in bai kai ba ya mayar da shi ruwa nan da nan, ba da jifa ba. Wanda za a ci kuwa a kashe shi take, kada a bar shi yana shure-shure a ƙasa. Ko makarel ya zo da yawa, abin da gida zai ci kaɗai a ke ɗauka.

Gasa

Yara na son gasa, kulob kuwa ya san haka. Ranar gasa a kan kafa turaku masu lamba a bakin ruwa, ko wane yaro ya ja ƙuri'a ya tsaya inda ta faɗa masa. A dā sai an tara kifi a jaka an kai ma'auni bayan an tashi, da yawa su mutu a banza. Yanzu gasa da yawa sun koma auna tsawo a saki. Yaro ya kama, ya auna a gaban maƙwabcinsa, maƙwabcin ya sa hannu a katinsa, kifi ya koma ruwa. Da haka a ke koyon gaskiya da riƙon amana, domin abokin takara shi ne shaida. Wata gasar kuma yawan iri a ke ƙirgawa, wanda ya kama kifi iri biyar ƙanana ya fi wanda ya kama babba guda.

Wanda ya yi fice a garinsu yana iya kaiwa ga wakiltar ƙasarsa. Ingila da Sikotland da Wales da Ireland su kan kara a tsakaninsu. Akwai kuma gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 16 da ta 'yan ƙasa da 21, ƙarƙashin babbar ƙungiyar masu fatsa ta duniya wadda aka kafa a birnin Rum a 1952.

Ƙa'idodin da A Kan Sa Yaro Ya Riƙe

1. Ya duba jadawalin ruwa da labarin iska kafin ya bar gida.
2. Ya faɗa wa na gida inda za shi, da lokacin da zai dawo.
3. Kada ya tafi shi kaɗai.
4. Ya san hanyar fitarsa, ya riƙa waiwayenta in ruwa na cikowa.
5. Ya sa tufafi masu ɗumi da takalmi mara santsi, da rigar hana nutsewa inda aka umurta.
6. Ya duba bayansa kafin jifa.
7. Ya auna kifi, ya saki wanda bai kai ba.
8. Ya kwashe guntayen zare da ƙugiyoyi, domin su kan sarƙe tsuntsaye, su soki ƙafar mutane.

Ba kullum a ke kamu ba. Akwai ranar da yaro zai tsaya sa'a huɗu cikin iska mai sanyi ya koma gida hannu wofi, masu koyarwa kuwa ba su ɗauki wannan hasara ba, don a ranar ya koyi haƙuri da lura. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Yaron da ya saba tun yana shekara 10 da duba jadawali kafin ya fita, da mayar da ƙaramin kifi ruwa ko ba mai ganinsa, haka zai ci gaba da yi in ya girma. In an yi sa'a kuma, wata rana shi zai tsaya a bayan wani yaron yana nuna masa yadda a ke ƙulla ƙugiya.